Ta yaya ake gane majalisa ta fara tsayawa da ƙafarta? Tambaya a kan 1999 zuwa 2007

Ɗalibin Samaru:

Assalamu alaikum. Tambayata ga masana harkar majalisa ce.

Duk sanda aka kira majalisar tarayya 'yar amshin shata, sai a ɗauko zamanin kakakin wakilai Ghali Na'Abba da shugaban dattawa Ken Nnamani a ce a lokacin ne aka yi majalisa. Hujja biyu ake kawowa kullum: barazanar tsige Obasanjo a 2002, da kashe tazarce a 2006. To amma majalisar nan ce ta yi shugabannin dattawa biyar cikin shekara takwas, kuma ita ce ta buɗe aiki da rigimar kuɗin sayen kayan ɗaki na gidajen 'yan majalisa. Shi ya sa nake son a fayyace mini: a ƙasar da ba ta daɗe da fita daga mulkin soja ba, waɗanne alamomi ne na zahiri ke nuna majalisa ta fara cin gashin kanta? Faɗa da shugaban ƙasa kaɗai ya isa? Wane sashe na tsarin mulki ko wace takarda mutum zai duba ya gane da kansa, ba sai an gaya masa ba?

Malam Na-Fagge:

Wa alaikumus salam. Ɗalibi, fara da tuna inda majalisar ta fito. Duk juyin mulkin da aka yi a Najeriya, majalisa ce farkon abin da ake garƙamewa. Kotuna suna ci gaba da zama, ma'aikatu suna ci gaba da aiki, ita kuwa sai a sallami kowa. Daga Janairun 1966 zuwa Oktoban 1979 babu ita. Daga ƙarshen 1983 zuwa 1999 ma haka, in ban da ɗan zaman da ta yi tsakanin Disamban 1992 da Nuwamban 1993 a ƙarƙashin inuwar soja. Saboda haka sanatoci 109 da wakilai 360 da aka rantsar a Yunin 1999 yawancinsu sababbin shiga ne, ga shi kuma shugaban ƙasar da ke gabansu ya taɓa mulki da dokar soja, ba tare da wani ya tambaye shi ba. Da wannan mudun za ka auna su.

Abin da zan fara dubawa shi ne wa ke naɗa shugabannin majalisa, wa kuma ke iya sauke su. Sashe na 50 na tsarin mulkin 1999 ya ce 'yan majalisa ne ke zaɓen shugabansu daga cikinsu, saukewa kuma sai da kashi biyu bisa uku na dukkan mambobi. A Majalisar Dattawa abin bai yi kyau ba. Evan Enwerem ya hau da goyon bayan fada, aka cire shi a Nuwamban 1999. Chuba Okadigbo, wanda tun farko yawancin sanatocin PDP suka fi so, ya hau, aka cire shi a Agustan 2000 bayan rahoton kwamitin Idris Kuta a kan kwangiloli. Anyim Pius Anyim ya ƙarasa wa'adin. Adolphus Wabara ya yi murabus a Afrilun 2005 bisa zargin cin hancin naira miliyan 55 a kasafin ma'aikatar ilimi, zargin da shugaban ƙasa da kansa ya karanta wa jama'a a talabijin. Sannan Nnamani. Kujerar da ake sauya wa mai ita haka ba ta da ƙarfi, ko da masu hawanta suna da baki.

A Majalisar Wakilai labarin ya bambanta. Bayan Salisu Buhari ya sauka a Yulin 1999 kan batun shekarunsa da takardar digirin Toronto, Na'Abba ya hau, ya kuma zauna har ƙarshen wa'adi a 2003 duk da yunƙurin da aka yi ta yi na tumɓuke shi. A zamaninsa ne aka zube damman kuɗi a kan tebur a tsakiyar zaure, aka ce cin hancin da aka raba ne don a cire kakaki. Alamar a nan ba zafin kalaman Na'Abba ba ce. Alamar ita ce, shekara kusan huɗu an kasa tara ƙuri'a 240 a kansa, alhali jam'iyyar shugaban ƙasa ce ke da rinjaye.

Sai dokar da aka kafa ba da hannun shugaban ƙasa ba. Sashe na 58 ya ba shi kwana 30 ya rattaba hannu ko ya ƙi. In ya ƙi, kowane zaure ya sake amincewa da kashi biyu bisa uku, ƙudirin ya zama doka. Haka aka yi da dokar hukumar raya yankin Neja Delta, NDDC, a Yunin 2000. Saɓanin a kan kuɗi ne: majalisa ta sa gwamnatin tarayya ta riƙa zuba kwatankwacin kashi 15 cikin 100 na kason wata-wata na jihohin yankin, kamfanonin mai kuma kashi 3 cikin 100 na kasafinsu na shekara. Obasanjo yana son ƙasa da haka. Majalisa ta yi nasara a takarda. Sai dai wanda ke riƙe da baitulmali shi ke sakin kuɗi, kuma an shafe shekaru ana kukan ba a saki cikakken kason ba.

Tazarce kuwa, ka kula da yadda aka tafiyar da zaman, don a nan darasin yake. Kwamitin da mataimakin shugaban dattawa Ibrahim Mantu ya jagoranta ya kawo ƙudiri guda mai ɗauke da gyare-gyare sama da 100, aka cusa ƙarin wa'adi na uku ga shugaban ƙasa da gwamnoni a tsakiyarsu. Dabarar ita ce kowa ya ga abin da yake so a ciki, ya haɗiye sauran. Sashe na 9 yana buƙatar sanatoci 73, wakilai 240, da majalisun jihohi 24. Nnamani ya bari aka nuna muhawarar kai tsaye a talabijin, ya kuma sa sanatoci suna miƙewa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi matsayinsa da bakinsa, mutanen mazaɓarsa suna kallo. Wanda ya yi alƙawari a ɗaki da daddare, sai ya tarar ba zai iya maimaita shi a gaban kyamara ba. Ranar 16 ga Mayu 2006 aka tambayi zaure ko ƙudirin ya wuce karatu na biyu, masu cewa a'a suka rinjaya, ya buga guduma. Ƙudirin ya mutu gaba ɗayansa, har da gyare-gyaren da jama'a ke so.

Hajiya Mai Lissafi:

Malam ya yi bayanin ɓangaren siyasa. Ni dai a wurina, in ana son a san ko majalisa ta girma, a bi kuɗi.

Tambaya ta farko: wa ke biyan majalisar? Daga 1999 har 2010, kuɗin majalisar tarayya yana bin hanyar da kuɗin kowace ma'aikata ke bi. Sai ɓangaren zartarwa ya sa hannu a saki. In ana rigima, sai a ja ƙafa, kwamitoci su kasa fita duba ayyuka. Gyaran tsarin mulki na farko a 2010 ne ya taɓa sashe na 81, ya sa ana cire kuɗin majalisa kai tsaye daga asusun gwamnatin tarayya kafin a kai ga ma'aikatu. A ganina wannan ya fi barazanar tsigewa ta 2002 nauyi nesa ba kusa ba, amma ba a cika ambatonsa ba saboda ba a yi hayaniya a kansa ba. Abin mamaki, a gyaran nan na 2010 an miƙa wa majalisun jihohi irin wannan 'yanci, aka kasa samun jihohi 24 da za su amince. Sun yarda a ba ta tarayya, sun ƙi karɓar nasu. Sai a 2018 aka gyara sashe na 121, kuma ko bayan nan sai da ma'aikatan majalisun jihohi suka shiga yajin aiki a 2021 kan rashin aiwatarwa.

Ta biyu: ma'aikatan majalisa na waye? In akawun majalisa da sakatarorin kwamitoci aro ne daga ma'aikatu, ƙarin girmansu kuma yana hannun shugaban ma'aikatan gwamnati, to biyayyarsu tana can. Dokar da ta kafa hukumar kula da ma'aikatan majalisa a 2000 ce ta raba wannan. Kenya ta yi irinsa da gyaran tsarin mulki a 1999, wanda ɗan majalisa Oloo Aringo ya yi ta fafutika a kai tun Moi yana kan mulki. Kafin nan majalisar Kenya kamar wani sashe take na ofishin shugaban ƙasa.

Ta uku, kuma a nan muka makara: shin majalisa tana da masu lissafinta? Kasafin tarayya shafuka ne dubbai. Ya dogara kan hasashe huɗu ko biyar: farashin gangar mai, ganga nawa za a haƙo a rana, canjin dala, harajin da za a tara, da bashin da za a ciwo. In majalisa ba ta da ofishin ƙwararru da zai ce wannan hasashe ba zai yiwu ba, to ko dai ta karɓi lissafin ma'aikatar kuɗi yadda yake, ko ta ɗaga farashin ganga da ka don ta samu sararin cusa ayyuka. Uganda ta kafa ofishin kasafi na majalisa da doka tun 2001. Kenya ta kafa nata a 2007. Namu ya daɗe yana aiki a matsayin sashe na cikin gida, ƙudirin da zai ba shi ƙarfin doka yana ta kai da komo tsakanin zaure da fada. Cibiyar nazarin harkokin majalisa ma sai a 2011 ta samu doka.

Ga yadda ake lalata abin a aikace. Dokar kula da kashe kuɗin gwamnati ta 2007 ta ce a kawo tsarin kashe kuɗi na shekara uku wata huɗu kafin sabuwar shekara. In aka kawo a makare, kasafi ya biyo baya a makare, kwamitoci su yi zaman kare kasafi a gurguje: minista ya karanta takarda, a yi masa tambaya biyu, a sallame shi. Sashe na 82 kuma ya ba shugaban ƙasa damar ci gaba da kashe kuɗi har wata shida gwargwadon kasafin bara, saboda haka jinkiri ba ya cizonsa kamar yadda yake cizon ayyukan raya ƙasa. Kasafin 2017 sai 12 ga Yuni aka sa masa hannu, na 2018 sai 20 ga Yuni. Majalisa ta tara, ta 2019 zuwa 2023, ta dawo da shi kan lokaci, aka sa hannu a na 2020 tun Disamban 2019, aka yi ta yabo. Amma majalisar nan ce a 2023 ta amince a mayar da bashin naira tiriliyan 22.7 da gwamnati ta ci daga Babban Banki ya zama bashi na dogon zango, alhali dokar bankin ta ƙayyade irin wannan rance da kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar shekarar da ta gabata. An riga an kashe kuɗin kafin a zo neman izini. Sauri daban, sa ido daban.

Kuma 'yancin kuɗi yana da nasa ciwon. 'Yan majalisar Kenya, da suka samu iko da aljihunsu, abin da suka fi saurin yi shi ne ƙara wa kansu albashi a 2003. Namu kuwa, daga 2011 zuwa 2014 kasafin majalisa naira biliyan 150 ne a layi guda, babu bayanin me aka yi da me. Sai a 2017 aka fitar da ɗan bayani, bayan matsin lambar ƙungiyoyi. Ƙara da naira biliyan 100 na ayyukan mazaɓu da aka yi shekaru ana warewa duk shekara. Ma'aikatu ne ke aiwatar da su, ɓangaren zartarwa ne ke sakin kuɗinsu. Ɗan majalisar da rijiyoyin burtsatsen mazaɓarsa ke jiran sa hannun minista, da wane ido zai tsare ministan nan a zaman kwamiti?

Barista Tudun Wada:

Malam Na-Fagge, da girmamawa, ina ganin an fi ba 16 ga Mayu nauyin da ya wuce nata. Yi lissafin: in ana buƙatar sanatoci 73 cikin 109, to 37 kacal sun isa su toshe hanya. Hanawa ta fi kafawa sauƙi ƙwarai. Sannan a lokacin mataimakin shugaban ƙasa Atiku Abubakar yana adawa da shirin a fili, manyan 'yan siyasar Arewa da ke jiran 2007 suna adawa, jaridu da ƙungiyar ƙwadago suna adawa. Majalisa ta zama filin da manya suka yi kokawarsu. Ban ce ba ta taka rawa ba. Malawi ma a 2002 majalisa ce ta hana Bakili Muluzi, da ƙyar kuwa, yayin da ta Uganda ta cire iyakar wa'adi gaba ɗaya a 2005, majalisar ƙasar da a 1998 da 1999 ta kaɗa ƙuri'ar rashin amincewa da ministoci biyu. Wato alamar farko tana iya bayyana ta kuma ɓace cikin shekara bakwai.

Faɗa da mai mulki ba shi ne 'yanci ba, kuma Kaduna ta koya mana wannan tun 1981. Majalisar da NPN ke da rinjaye ta ƙi amincewa da kwamishinonin Balarabe Musa na PRP, ta tsige shi a watan Yuni. Wannan yaƙin jam'iyyu ne aka yi da kayan aikin majalisa. Haka tsige Rashidi Ladoja a Oyo a 2006, da 'yan majalisa 18 cikin 32 suka ƙulla a otel, da tsige Joshua Dariye a Filato da 'yan tsiraru suka yi. Kotun Ƙoli ta soke duka biyun. Gwajin da ya fi inganci shi ne: majalisar da jam'iyyar shugaba ke da rinjaye a cikinta, ta taɓa ce masa a'a, ta hanyar da doka ta shimfiɗa, a'ar kuma ta zauna?

Barazanar 2002 ba ta ci wannan gwajin ba. Ranar 13 ga Agusta Majalisar Wakilai ta ba Obasanjo mako biyu ya sauka ko a tsige shi. Amma sashe na 143 tsani ne mai hawa da yawa: takardar zargi da sa hannun kashi ɗaya bisa uku na 'yan majalisar tarayya, sannan kowane zaure ya amince da kashi biyu bisa uku cewa a bincika, sannan Alƙalin Alƙalai ya naɗa mutum bakwai, su kawo rahoto cikin wata uku, sannan a sake wata ƙuri'ar ta kashi biyu bisa uku. Ba a kai ga naɗa kwamitin ba. Gowon da Shagari suka shiga tsakani, maganar ta lafa.

Akwai kuma tarko a wajen tsallake ƙin sa hannu. A shari'ar da ta taso kan dokar zaɓe ta 2002, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce kashi biyu bisa uku na dukkan mambobi ake nufi, ba na waɗanda suka halarci zama ba, kuma sai an sake bin matakan ƙudirin, ba a tashi da shawara guda a ce an wuce wurin ba. Tun daga nan abin ya yi wuya. Jonathan ya ƙi sa hannu a gyaran tsarin mulki a 2015, ba a tsallake shi ba. Buhari ya mayar da gyaran dokar zaɓe sau huɗu a 2018, a gaban majalisar Saraki da Dogara da ake ganin ta fi kowace taurin kai, ba a tara ƙuri'un ba.

Ga ɗalibi, abin da zan ce ka nema shi ne ƙuri'a mai suna. Yawancin hukunci a zaurukanmu da murya ake yanke shi: masu e su ce e, masu a'a su ce a'a, mai guduma ya faɗi wanda kunnensa ya ji. Babu inda za ka duba ka ga yadda wakilinka ya zaɓa. A Yulin 2021, da aka tilasta kiran suna kan aika sakamakon zaɓe ta na'ura, aka samu 52 da 28, kowa ya san matsayin sanatansa, hayaniyar da ta biyo baya ta sa Majalisar Dattawa ta sauya matsayi cikin 'yan watanni. A Maris na 2025 kuwa, an amince da dokar ta-ɓaci a Jihar Ribas da murya, alhali sashe na 305 yana buƙatar kashi biyu bisa uku na dukkan mambobi. Ba a ƙirga 73 ko 240 da kunne.

Bincike ma haka. Sashe na 88 da na 89 sun ba majalisa ikon kiran kowa, har da bayar da sammacin kamo wanda ya ƙi zuwa. Amma 'yan sanda ne ke aiwatar da sammacin. A 2018 Sufeto Janar Ibrahim Idris ya ƙi amsa kiran dattawa sau uku, ba abin da ya faru. Rahoton kwamiti kuma shawara ce, ba hukunci ba. In aka haɗa da abin da ya faru da binciken tallafin mai na 2012, inda shugaban kwamitin, Farouk Lawan, ya ƙare a gidan yari kan karɓar dala 500,000, za ka ga yadda mutum ɗaya ke zubar da aikin watanni.

Ɗan Maraɗi:

Ina gaishe da malamai. A ƙara da tambaya guda da 'yan Najeriya ba sa yawan yi saboda ba ta dame su ba: shugaban ƙasa yana iya rusa majalisa?

A Nijar, kafin juyin mulkin 2023, tsarin ya bambanta. A lokacin akwai firaminista, majalisa tana iya kayar da gwamnati, shugaban ƙasa kuma yana iya rusa majalisa. Ranar 31 ga Mayu 2007 'yan majalisa 62 cikin 113 suka kaɗa ƙuri'ar yanke ƙauna ga gwamnatin Hama Amadou kan badaƙalar kuɗin ma'aikatar ilimin firamare, har da ƙuri'un waɗanda ke cikin ƙawancen masu mulki. A Najeriya majalisa ba ta da wannan makamin, ba ta iya sauke ko minista ɗaya. Amma shekara biyu bayan nan, da Kotun Tsarin Mulki ta ce zaɓen raba gardamar tazarce bai halatta ba, shugaban ƙasa Tandja ya rusa majalisar ranar 26 ga Mayu 2009, ya rusa kotun daga baya, ya yi zaɓensa ranar 4 ga Agusta. Sojoji suka kawo ƙarshen maganar a Fabrairun 2010. Obasanjo ba shi da wannan ƙofa a 2006. Tsarin mulkin 1999 ya yanke wa majalisa shekara huɗu, ya kuma ce ta zauna aƙalla kwana 181 a shekara, ba da izinin kowa ba. Nnamani ya buga gudumarsa yana sane ba za a wayi gari an ce zaurensa ya rushe ba.

Ɗalibin Samaru:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Abu ɗaya ya rage mini. In har an samu waɗannan alamomi tun 2000 da 2006, har Tambuwal ya zama kakaki a 2011 ba da son jam'iyyarsa ba, me ya hana abin ya ɗore? Me ya sa kowace sabuwar majalisa kamar daga farko take farawa?

Malam Na-Fagge:

Saboda kusan daga farkon take farawa. Duba abin da ya samu mutanen da muka ambata. Na'Abba ya faɗi zaɓe a 2003. Anyim bai koma ba. Nnamani bai koma ba a 2007. A kusan kowane zaɓe tun 2003, waɗanda ba su dawo ba sun fi waɗanda suka dawo yawa, kuma da dama ba jama'a ne suka kayar da su ba, tikiti aka hana su tun a zaɓen fid da gwani. Gwamna ne ke riƙe da jam'iyya a jiha, shi ke tsara wakilan da za su yi zaɓen, ga kuma tsarin karɓa-karɓa tsakanin ƙananan hukumomin mazaɓa. Ɗan majalisa yakan ci wa'adinsa na farko kafin ya iya karanta kasafin ma'aikata guda ya gane inda aka maimaita aiki ɗaya sau biyu da suna daban. Daidai lokacin da ya iya, sai a ce layi ya zo kan wata ƙaramar hukuma. Sabon da ya zo kuma ya ga abin da ya samu na gabansa.

Barista ya yi gaskiya kan 37, ban musa ba. Inda muka rabu shi ne, manyan da ya ambata suna nan a 2002 da 2018 ma, amma a 2006 ne kawai shugaban zaure ya zaɓi ya buɗe ƙofa. Da an rubuta wannan a dokokin zaman majalisa, a ce duk abin da tsarin mulki ya gindaya wa kashi biyu bisa uku dole a kira suna a buga sakamakon, da bai dogara kan halin mutum ɗaya ba. Ba a rubuta ba.

In kana son aikin da za ka yi da hannunka, ɗauki rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya. Sashe na 85 ya ce ya miƙa wa majalisa rahotonsa cikin kwana 90 da karɓar lissafin Akanta Janar, kwamitin asusun gwamnati na kowane zaure ya duba. Bisa al'ada ɗan adawa ne ke shugabantar wannan kwamiti. Rubuta shekarar da rahoton ya shafa, ranar da ya isa majalisa, ranar da kwamiti ya gama, da ranar da zaure ya amince da shawarwarinsa, in ya amince. Za ka tarar da tazarar shekaru a tsakani, wani lokacin jami'in da ake tuhuma ya riga ya yi ritaya. Ka yi haka ga majalisa ta huɗu (1999), ta shida (2007), ta takwas (2015) da ta tara (2019), sannan ka kwatanta da ta jiharku.